Ƙafar da Clarrie Ya Kai Makiyayar Bluey

Clarrie Hennessy bai manta ba. Bara waccan maƙwabcinsa Bluey Pratt ya shafe ƙashin saniya da siminti ya binne masa a makiyaya, shi kuma ya buga waya ya taso masana tun daga birni. Tun ranar duk garin Winton ba mai kiransa sai Farfesa.

Bana da ruwa ya ɗauke, baƙar ƙasa ta tsattsage yadda ta saba, ta turo abin da ke cikinta. Clarrie na zagayen tumaki a bakin rafi ya ga ƙashi manne da dutse: dogon ƙwauri, yatsu uku sun miƙe gaba. Ya sha ciro jimina daga wayar shinge, ya san ƙafarta.

"Ɗan banza," in ji shi. "Bana tsuntsu ya samo."

Da ya kai shi gida, matarsa Noelene ta ɗaga ta ji nauyi. "Tsoho, ka lasa mana. An ce tsohon ƙashi na gaske yana kama harshe."

"In lasa, Bluey yana laɓe a bayan itace yana kallo? Allah ya kiyaye."

Ranar kasuwar tumaki, da Bluey ya tafi gari, Clarrie ya tsallaka shinge ya ajiye masa ƙashin kusa da kwamin ruwa. Mai kaya ya karɓi kayansa.

Ba a jima ba sai ga motar Bluey a ƙofar gida, da wata mace a gefensa riƙe da ƙashin cikin tawul. Ta ce sunanta Dakta Anthea Kovac, aikinta tono dabbobin zamanin da.

"Farfesa, fito!" Bluey ya daka tsawa. "Wane irin siminti ka sa? Ta ce na gaske ne, ni kuwa na san hannunka."

Clarrie ya dubi takalminta, ya dubi motar. Ƙila 'yar ƙanwar wani ce aka koya wa magana.

"'Yata, nawa ya biya... a'a, bari. Wannan ƙafar jimina ce, yaro ma ya sani."

"Baba, kamannin sun yi yawa don dangi ne," in ji ta. "Dainoso ne, dabbar zamanin da, irin masu tafiya da ƙafa biyu suna farauta. Duk tsuntsun da ka sani daga zuriyarsu ya fito, har kajin matarka. Amma gidajensu da yawa. Sai na ga hannu kafin in san na wane gida ne. In farcen dogo ne, 'yan uwansa suna can Kudancin Amurka." Ta kankare gefen dutsen. "Sai dai ƙasar jikinsa baƙa ce, ta bakin ruwa. Makiyayar Bluey ja ce. Wani ne ya kai shi. In ban san inda ya fito ba, ambaliya mai zuwa za ta tafi da sauran."

"In sabon iri ne, sunan mai fili ake sa masa, ko?" in ji Bluey. "To, a filina aka gani."

Clarrie ya yi lissafi. In ya kai su rafi, ya kuma zamana shirin Bluey ne, dariyar ba za ta ƙare ba sai a kabarinsa. Ya zuba wa Bluey ido. Tun suna yara, in Bluey na ƙarya kunnensa na hagu yakan yi ja. Yau kunnen fari fat, mutumin sai satar kallon ƙashin yake kamar zai cije shi.

"Ku shiga mota," in ji Clarrie.

A bakin rafi ya miƙa wa Bluey shebur. "Kai za ka fara. In kai ka binne, ka san wurin."

"Ajiye shebur ɗin nan!" in ji Dakta. Ta durƙusa da ɗan burushi tana share ƙasa a hankali, su biyu suna tsaye kowa na hararar kowa. Can sai ga farce ya leƙo, lanƙwasasshe kamar lauje, ya fi tafin hannu tsawo.

Duk da haka Clarrie bai saki jiki ba. Ya tsinci wani ɗan ɓallin ƙashi, ya juya musu baya, ya kai bakinsa. Abin ya kama harshensa tsam.

"Dakta, duba!" in ji Bluey. "Farfesa na cin dutse!"

Clarrie ya ɓamɓare shi, ya tofar. "Hennessy," ya ce mata. "Haka za ki rubuta sunansa, nan filina ne. Kada ki bari wannan ya taɓa komai."