Yasar Rijiyar Bayan Coci

Ranar Alhamis Auta ta jefo maganar, Tela na tsaka da taka keken ɗinki.

"Baba, da ruwan rijiyar Kaka nake so a yi min baftisma ran Lahadi. Fasto ya ce in akwai ruwa, shi ba shi da matsala."

Tela ya ɗage ƙafa. "Wace rijiya? Wadda ta ƙafe tun ba a haife ki ba?"

"Ita. Ai da ruwanta aka yi maka, aka yi wa Mama."

Ambaton marigayiya matarsa ya taɓa masa zuciya. Tun da aka binne ta, coci dai yana zuwa, ya zauna a bencin baya, ya dawo yadda ya tafi. Auta kuwa ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai wannan.

Asabar da safe ya taso ƙaninsa direba, suka ɗage tsohon kwanon da ya rufe bakin rijiyar a bayan coci. Mahaifinsu ne ya haƙa ta, mai bishara ne da ba ya raba wa'azi da aikin hannu. Duk shekara in zai yashe ta, sai ya tara yara ya ba su labarin Ishaku, wanda ya tarar an cike rijiyoyin ubansa da ƙasa, ya sake tone su. "Ishaku bai ƙera ruwa ba," in ji shi, "ƙasa kawai ya kwashe. Zuciyar mutum ma haka take." Su kuwa lokacin hankalinsu na kan wa zai fara jan guga. A shekarar da ciwo ya kwantar da tsohon, a ita ruwan ya ɗauke, mutane suka ce rijiya ta bi mai ita.

"Yaya, da wannan tumbin za ka shiga?" in ji direba yana ɗaura masa igiya. "In ka maƙale, sai dai a yi wa Auta baftisma da zufarka."

"Riƙe igiya, sarkin surutu. Ba birkin motarka ba ce, kada ka sake ta."

Suka zura fitila don gwada iska, ba ta mutu ba, Tela ya sauka. Guga ya yi ta hawa da sauka: ruɓaɓɓen ganye, fasassun kwalabe, warin takalmi. Rana na take tsaka ya kai dutsen ƙasa. Busasshe ƙayau.

"Fito, Yaya," direba ya leƙo. "Mu cika bokiti a famfo, wa zai sani?"

Tela ya jingina da bango ya ɗaga kai. Can sama yakan tsaya yana yaro, yana kallon bayan Babansu na sheƙi da gumi. Sai ya tuna. Duk lokacin da Baba ya sauka, abin da yake fara yi shi ne ya toshe idon ruwa da turke naɗe da tsumma, kada ruwa ya cim masa yana aiki. Sai zai fito yake zarewa. A yasar ƙarshe kuwa, zazzaɓi ne ya kama shi a ciki, aka jawo shi yana rawar sanyi, bai sake sauka ba.

Ke nan turken na nan ba a zare ba, in ji Tela a ransa. Ya durƙusa yana kankare laka da farce, ya zagaya bango, har yatsunsa suka ci karo da itace. Ya goge tsumman. Shuɗiyar rigar Baba ce, ga karkataccen ɗinkin nan da shi kansa ya yi yana ɗan koyo, wanda Baba ya sa ya hau mumbari da shi ba kunya.

Ya ja. Turken ya karye. Ya tono sauran da tsinin diga. Shiru. Sai baƙar laka ta ɓulɓulo, sai sanyi ya ratsa masa tafin hannu, ya gangara har gwiwa.

"Na gode, Ubangiji," ya ji bakinsa ya faɗa, hawaye na bin ƙasar da ke fuskarsa.

"Yaya! Kuka kake ko kunama ce?"

Fuskar Auta ta bayyana kusa da ta kawunta. "Baba, akwai?"

"Akwai, 'yata. Amma na farko duk laka ne, sai mun kwashe kafin ya kwanta. Gaya wa wannan malalacin ya zuro guga."