Filas ɗin Pak Wiryo

Da na faɗa masa gaskiya ranar Talatar nan, da ya tafi cikin sauƙi, ko kuwa da baƙin ciki ya riga ciwon kashe shi? Shekara huɗu ke nan ina juya wannan tambaya a kan firijin mutane da nake gyarawa, ban samu amsa ba.

Ranar Asabar ce na shigo lungunmu da filas ɗin ɗaure a bayan babur. Ba na shayi ba ne. Tsayinsa ya kai gwiwata, irin wanda ma'aikatan kiwo ke ajiye maniyyin bijimai a ciki. Wajensu nake kai shi duk mako uku, su cika shi da ruwan naitirojin, mai sanyin da ke ƙona fata.

"Mas Tarno, har yau saniyar Farfesa ba ta ɗauki ciki ba?" in ji Bu Sumi mai suyar tempe, wainar waken soya, a bakin lungu.

"Ke take jira ki fara, Bu."

Ta jefe ni da ɓawon ayaba. Na yi dariya, amma hankalina yana kan ramin da na faɗa a hanyar kasuwa. Na ji lokacin da wuyan filas ɗin ya daki ƙarfen babur. Na tsaya na duba, ban ga tsaga ba, na wuce.

Katanga ɗaya ta raba ni da Pak Wiryo, wanda ƴan lungu ke kira Farfesa. Shekara talatin da biyu ya yi a jami'a yana binciken abu guda, wani sinadari a cikin ƙwayoyin jikin mutum da suke kira kainas. Ni ban wuce aji shida ba, don haka da yaren sana'ata ya yi min bayani.

"Ka san makunnin da ke kashe injin firiji idan sanyi ya isa? Kowace ƙwaya a jikinka tana da irinsa. Na Ratmi ya maƙale a kunne, ƙwayoyin suka yi ta hayayyafa. Ina so in san abin da ya maƙale shi."

Bu Ratmi matarsa ce, ciwon daji ya kashe ta shekara goma sha tara kafin nan. Da yardarta ya ɗebi ƙwayoyin ciwon, ya raya su, ya daskarar a ƴan kwalabe shida, kowace kamar ɗan yatsa. Da ya yi ritaya aka ce jami'a tana buƙatar wurin ajiyarsu, ya kwaso su gida a cikin filas ɗin. Muddin suna cikin sanyin nan, in an narkar da su za su farka. In suka huce da kansu, shi ke nan.

Da huhunsa ya gaza, ƴarsa Ningrum ta zo daga Surabaya jinya. Ranar da ta iso ta tare ni a bakin ƙofa.

"Mas, ka daina cika abin nan. Ba zai sani ba. A binne Ibu, mahaifiyata, gaba ɗayanta, ta huta."

"Na yi masa alkawari, Mbak."

"Alkawari! Tun ina shekara goma sha biyu yake hira da tukunyar nan fiye da ni. Ko shara nake yi, kewaye ta nake. Wallahi hannuna ba zai taɓa ta ba."

Ga shi kuma wasiƙa ta zo daga Laksmi, tsohuwar ɗalibarsa da ke aiki a Singafo. Ta ce yanzu akwai na'urar da za ta iya gano abin da ya gagare shi, bayan Sallah za ta zo ta ɗauki kwalaben. Saura mako biyar. Da wannan wasiƙar ake lallashinsa ya sha kunun shinkafa.

Ranar Talata da hantsi na shiga ɗakin baya. Filas ɗin yana gumi, ƙasansa duk lema. Duk mai gyaran sanyi ya san ma'anar wannan: bangon ciki ya buɗe, sanyi ya gudu. Na cire murfi, ba hayaƙi. Na zura sandar awo, ta fito a bushe. Na taɓa kwalba ɗaya, ɗuminta ɗaya da na ɗakin.

"Tarno!" ya kira daga gadonsa a falo, robar iska a hancinsa. "Ka duba ta?"

"Na duba, Pak."

"Sanyi?"

Ya zuba min ido. Hannunsa yana kan wasiƙar.

"Sanyi ƙalau, Pak."

Ningrum tana tsaye da kofin shayi. Ta kalli gwiwar wandona da ta jiƙe, ta kalle ni. A kicin ta ce, "Sun mutu, ko?" Na gyaɗa kai. Na zaci za ta ce alhamdu lillahi. Sai ta zauna a kan buhun shinkafa.

"Kada ka faɗa masa," ta ce daga baya.

Daga ranar, duk kwana biyu nake kai fasasshen filas a cika, don in buɗe shi a gabansa ya ga farin hayaƙi yana gangarowa ƙasa. Kafin gari ya waye ya tsiyaye. Mai cikawar ya ce, "Kai, kwando kake kawo min?" Bu Sumi ma ta daina tsokana.

Kwana goma ya ƙara. Abin da ke ci na shi ne yadda ya kashe kwanakin. Numfashin da ya rage masa kaɗan ne, duka ya ƙarar da shi wajen yi wa Ningrum shifta: wace kwalba za a fara narkarwa, a wane ɗumi, me za a ciyar da su. Ta cika littafi guda da umarni a kan matattun ƙwayoyi. Sau ɗaya na ji ta ce, "Bapak, mu ajiye biron, ka ba ni labarin Ibu."

"In Laksmi ta zo, akwai lokaci," ya ce. "Rubuta."

Da ya san babu abin da ya rage a filas ɗin, wataƙila da ya juyo ya ga ƴarsa. Wataƙila kuma da bai kai la'asar ba.

Ranar Juma'a da safe ya cika. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Ta huɗu ce mai ƙarfi, a fara da ita."

Muka yi masa wanka a tsakar gida, a bayan labulen zannuwa. Ana yanka likkafani, Ningrum ta roƙi liman ya rage mata ƙyalle kamar tafin hannu. Ta shiga ɗakin baya, na bi ta na tsaya a bakin ƙofa.

"Bari in ciro miki, Mbak."

"Bar shi."

Ta durƙusa a kan lemar, ta cire murfin da kanta, ta jawo kwalaben. Rubutun babanta ne a jikinsu, sunan Ratmi da lamba. Ta jera su a kan farin ƙyallen, ta gyara ta huɗu da ta karkace, ta naɗe. A waje ana kiran a fito da makara. Ba ta tashi ba tukuna. Ta ɗora ƙullin a cinyarta, ta rufe shi da tafukanta biyu.