Fentin Tukunya a Ƙafar Marsandi

Gwadabe ya durƙusa kusa da kwalbatin shiga Rogo, ya tofa yawu a bakin rigarsa yana goge rim ɗin tayar gaba. Ya goge, ya sake gogewa, tabon na nan. Fentin ya ɓare kamar faɗin ƙumba, daidai inda motar ta gogi siminti.

Marsandin ta Alhaji Hammawa ce, mai fataucin shanu a Ƙaraye. Daga Kwatano aka kawo ta, da ƙafafu masu ƙyalli irin waɗanda ba a saba gani a garin ba. Kullum da safe sai Alhaji ya zagaya ya duba su, yadda yake duba kofaton sa kafin ya taya. Direban da Gwadabe ya gada, a kan ƙafafun nan aka karɓe masa makulli. Shi kuwa bai daɗe da samun aikin ba, ga matarsa da tsohon ciki.

Yayar Alhaji ya kawo gidan suna, kuma kwana za ta yi. Da ya sauke ta sai ya nufi gareji. Aka ce irin wannan fenti sai Kano. Wani bakanike ya ji tausayinsa, ya nuna masa rumfar Ilu, mai ƙera tukwanen dalma, wanda ke shafa musu farin fenti mai ƙyalli kafin ya kasa su.

"Sannu da aiki, Malam Ilu."

"Yawwa direba. Babba za a ba ka ko ta miya?"

"Ba tukunya nake so ba. Ƙafar mota ce ta ji ciwo."

Ilu ya taso da gwangwaninsa da gashin kaza. Ya ƙwanƙwasa rim ɗin da yatsa, ya kasa kunne.

"Ai wannan ƙanwar tukunyata ce. Boko kawai ta yi."

Ya ɗiga fenti a tabon. Suka ja da baya suna kallo. Wurin sai walƙiya yake, kamar haƙorin Makka a bakin tsoho.

"Malam Ilu, ina ganin kamar yanzu ya fi fitowa."

"To ai laifin sauran wurin ne da ya dushe. Bari a haɗa su."

Ya shafe rim ɗin duka. Sai ƙafar nan ɗaya ta fita daban da 'yan'uwanta. Aka bi sauran ukun. Ilu ya ji hannunsa ya faɗa, ya juya yana kallon bamba, sai da Gwadabe ya sha gabansa yana ba shi haƙuri.

"Yaushe zai bushe?"

"Tukunya dai kwana take a inuwa. Amma mota ai iska take sha. Kafin ka kai Ƙaraye ya kama."

Alhaji ya ce a dawo da mota kafin la'asar, saboda haka Gwadabe ya yanke ta Yammedi. Kaka ce, mutane sun baza kwanson wake a tsakiyar hanya don motoci su sussuke musu. Babu wurin kaucewa. Ya taka a hankali, yana jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsa. Wata dattijuwa ta ɗaga tsintsiya ta tsayar da shi.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, koma baya ka ƙara takawa. Yau mota ta yi wuya."

Gwadabe bai iya musu da manya ba. Ya koma baya, ya sake takawa, aka yi ta sa masa albarka.

Ya tarar da Alhaji a kan dakali, an idar da salla. Sai da ya fito ya ga abin da ya kawo. Ƙafafun nan huɗu sun yi gashi buzu-buzu, ƙaiƙayi ya manne ko'ina, har da ƙwayoyin wake jefi-jefi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya miƙa makulli da hannu biyu tun ba a tambaye shi ba.

Alhaji bai karɓa ba. Ya zagaya motar, ya sunkuya da ƙyar, ya ɓamɓaro ƙwaya ɗaya ya ɗora a tafin hannu.

"Ta ina ka biyo?"

"Ta Yammedi, ranka ya daɗe. Alhaji, wallahi kwalbati ne, ni kuma sai na ce bari..."

"Jan wake ne," in ji Alhaji. "Duk Yammedi babu mai irin nan sai gonata, daga Zariya na sayo shi. Shekaranjiya Sulle mai kula da gonar ya zauna a dakalin nan, ya ci tuwona, ya ce min wake bai nuna ba tukuna."

Ya aika a ɗauko masa hula, ya buɗe gidan baya ya zauna. Gwadabe na nan durƙushe da makulli a hannu.

"To, ni zan tuƙa?"

Gwadabe ya shiga ya ta da mota. Sun fara hanya ke nan Alhaji ya taɓa kafaɗarsa.

"Bi a hankali, Gwadabe. Kada ka zubar min da shaida."