Labule Ninki Uku

Ni tela ne, shekara talatin ina kan keke, kuma ban iya yin abu rabi-rabi ba. Wannan halin ne ya cuci matata.

Da aka gano ƙarin ciwon daji a maƙogwaronta, likita ta yi mana bayani. Za a yi mata allurar wani magani da zai bi jini ko'ina. Lafiyayyen nama zai fitar da shi cikin kwana biyu, amma jijiyoyin ƙarin suna yoyo, abin da ya shiga ba ya fita da sauri, sai maganin ya taru a can. Sannan a zura jan haske, maganin ya farka ya kashe ƙarin. Sai dai saura zai maƙale a fata, don haka ta guji rana wata guda.

"Ta guji rana" kaɗai kunnena ya ɗauka. Na ɗinka labule ninki uku, na toshe ƙasan ƙofa da ƙyalle, na kwance ƙwan lantarki.

Aikin ya yi kyau, ta fara haɗiye abinci. Burinta ɗaya, ta raka autarmu tasha ranar da za ta tafi karatu wata ƙasa. Kullum tana ƙirga kwanaki a cikin duhu.

"Maigida, yau rana ta fito sosai?"

"Ba wani sosai," nake cewa, alhali gumi nake.

Ana gobe tafiyar wata ya cika, muka yi gwajin fata da aka koya mana. Ta sa hannu a jakar takarda mai ƴar huda, ta miƙa ta taga minti goma. Kafin safiya wurin ya kumbura ya yi ja.

"Duhu ƙirin kuka ajiye ta?" in ji likita a waya. "Ai hasken ɗaki kaɗan-kaɗan shi ke cinye sauran maganin. Yanzu sai ta ƙara mako biyu."

Kunya ta kama ni. Da ma matata ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

A ɗaki suka yi sallama, tana shafa fuskar Auta. Ni na kai ta tasha. Da na dawo na tarar da matata tsaye a bayan ƙofa.

"Ta waiwayo?"

"Sau biyu," na ce.

"Wa ta gani?"