Aron Barewa

A shekarun da Turawa suka fara shiga daji da akwatin ɗaukar hoto a maimakon bindiga, akwai wata Bafillatana a unguwar Hausari ta Potiskum mai suna Asta, wadda take kiwon barewa a tsakar gidanta. Mijinta, wani falken shanu, shi ya tsinto barewar tana jaririya a hanyar dawowa daga ruga, ya kawo ta a naɗe cikin hannun riga. Kafin damina ta zagayo ya rasu. 'Ya'yansu mata sun yi aure a nesa, sai gidan ya rage daga Asta sai barewar. Ta raine ta da nonon akuya, ta sa mata suna Lelwa, wato barewa da Fillanci, ta rataya mata laya a wuya. Duk ranar da ta ƙunsa lalle, ragowar takan shafa wa Lelwa a ƙafafun gaba.

Akwai wani kwano mai murfi da take ajiye gyaɗa da dusa a ciki. Da safe in ta ɗaga murfin ta kifa shi a ƙasa, ko Lelwa tana bayan rumbu sai ta sheƙo.

Katanga ɗaya ta raba gidan Asta da na Muhammadu Lawan, malamin daji. Shi ke kula da wani yanki da aka shata can gaba da Nangere, aka hana farauta a ciki don namun daji su yawaita, baƙi su riƙa zuwa kallo. Wata rana a wajen taro ya gaya wa wani Bature daga Jos cewa bareyin da ke dajinsa sun fi awakin gari yawa. Da damina ya yi maganar, kuma a lokacin ba ta yi nisa da gaskiya ba sosai. Sai da bazara ta kankama, tafkuna suka ƙafe, namun suka yi kudu neman ruwa, sannan saƙo ya zo cewa Baturen yana tafe da matarsa, tana so ta gani da idonta.

A Hausari in mutum zai yi baƙi, aro yake yi. A ɗauko tabarma daga wannan gida, faranti daga wancan, kujera daga gidan tela. Ba a hana maƙwabci, ba a kuma bari baƙo ya sani. Muhammadu Lawan ya zaga dajinsa bai ga komai ba sai ƙadangaru da kurciyoyi, sai ya yi abin da ya tashi ya ga ana yi. Ya je Dogo Nini wajen Bobbo dillalin shanu ya ari jiminu biyu da yake kiwo a bayan gida. Daga nan ya zo ya yi sallama a zauren Asta.

"Goggo Asta, aro na zo."

"Tabarma ko tasa, Malam?"

Ya duƙar da kai yana wasa da hularsa. "Lelwa."

Asta ta dube shi ta gefen mayafi. "Ita ce za ta kai wa baƙin ruwa?"

"Tsayawa kawai za ta yi a gindin itace su gan ta daga nesa. Kafin la'asar tana gida. Goggo, na riga na faɗa, in suka je ba su ga komai ba, da wane ido zan dube su?"

Matar Lawan ce ta yi mata jinya lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita, shi kuma ya tsaya a kan jana'izar mijinta. Ba ta ga ta inda za ta ce a'a ba.

"Ba ta taɓa wuni a inda ba ni ba," in ji ta. "In za ta je, da ni za a je."

"To, sai dai ki ɓuya. Kuma a cire layar."

Washegari da hantsi motar Modu ta tsaya a bakin lungu. Babarbare ne mai jigilar gyaɗa, kuma tsakaninsa da kowane Bafillace akwai wasa. An riga an loda jiminun a baya, an rufe musu kai da buhu. Asta ta fito tana janye da Lelwa, kwanon a ɗaure a gefen zaninta.

"Kai, yau baiwata ta shigo motar ubangidanta," in ji Modu. "Wacce ce za a saki a dajin, ke ko ita? Ƙafafunku iri ɗaya ne."

"Ja mota, bawa," in ji Asta. "In Turawan suna son kallon abin mamaki, a nuna musu fuskarka da aka tsattsaga kamar kabewa."

"Ba za su iya biyan kallona ba."

Ta ƙi shiga gaba. Ta hau baya ta zauna a kan buhu, ta rungume wuyan Lelwa, wadda take rawar jiki duk sanda motar ta faɗa rami. A hanya ta kwance layar ta ƙulle ta a bakin zani.

Wurin da Lawan ya zaɓa wata busasshiyar fadama ce, ƙasarta ta tsattsage, da itatuwan aduwa jefi-jefi. Aka sauke jiminun aka cire musu buhu. Aka kai Lelwa gindin wata aduwa, Asta ta watsa mata ɗan dusa don ta tsaya. Modu ya ɓoye motar a bayan wani tudu, su biyu suka dawo suka zauna a bayan duhuwar sabara, inda suke hangen fadamar ta tsakanin ganye. Lawan ya koma bakin hanya a kan keke don ya tarbi baƙi.

Rana ta take sosai kafin su iso, cikin wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya. Baturen dogo ne mai jan wuya, matar kuma 'yar siririya, ta ɗaura shuɗin ɗankwali a kan malafa, akwatin hoto na rataye a ƙirjinta. Jiminun Bobbo sun saba da motocin kasuwa, don haka ba su gudu ba. Suka tsaya a gefen hanya suna kallon motar kamar masu jiran a rage musu hanya. Matar ta sauka a hankali, tana tafiya da sanɗa, ta ɗauki hotonsu ta gaba da ta gefe. Lawan yana bayanta yana yi wa direban baƙin alamar ya yi shiru.

"Dubi yadda take sanɗa," in ji Modu da raɗa. "Waɗannan da yara ke hawa a Dogo Nini."

Lelwa kuwa ta cinye dusarta ta kwanta a inuwa, kunnuwanta kaɗai ake gani. Lawan ya nuna ta da yatsa. Matar ta sa madubin hangen nesa ta daɗe tana kallo. Da a nan aka tsaya, da an gama lafiya.

Amma baƙin sun ji yunwa. Direba ya shimfiɗa bargo a wata inuwa, ya fito da shayi da kofuna, matar ta ɗauko gwangwanin biskit ta ɓalle murfinsa ta ajiye a ƙasa. Ƙarar ta ratsa fadamar. Asta ta ji ta, ta kuma san abin da zai biyo baya.

Lelwa ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta taho kai tsaye ba gaggawa, ta taka bargon, ta cusa baki cikin gwangwanin.

Matar ta daskare, hannunta a baki. Can ta miƙa yatsu ta taɓa wuyan, Lelwa ba ta ko ɗago ba. Baturen ya dubi ƙafafun gaban, jajaye har gwiwa, ya dubi inda gashin wuya ya kwanta saboda igiyar laya, sannan ya dubi Lawan.

"Malam," in ji shi da Hausarsa ta littafi, "barewar dajin nan tana da ado."

"Jar ƙasa ce, ranka ya daɗe. Akwai ta da yawa a nan."

Baturen ya kurɓi shayinsa.

Matar ce ta yi ta magana da harshensu, tana shafa Lelwa, tana duban Lawan tana murmushi. Mijin ya fassara a taƙaice: ta ce ba ta taɓa ganin halitta mai kyau kamar wannan ba. Ta sake magana, ya sake fassarawa: ta ce idanun, ta ce da ma a ce kullum tana ganinta. Muhammadu Lawan a gidan da ya tashi, baƙo ba ya yaba abu har haka ya tafi ya bar shi. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ai tata ce, ranka ya daɗe. A sa mata a mota."

Sai da ya faɗa sannan ya waiwaya wajen sabarar. Baturen ya gaya wa matarsa. Ta tafa hannu. Suna da lambu mai shinge a Jos, in ji mijin. Ta kwance shuɗin ɗankwalin ta zarga shi a wuyan Lelwa, direba ya je ya sauke murfin bayan mota.

Iska tana kaɗowa ta wajensu, don haka Asta ta ji komai.

"Tashi ki fita," in ji Modu. Babu wasa a muryarsa yanzu. "Ki ce taki ce."

"In fita in ce me? In ce wa baƙon mutum tabarmar da yake zaune a kai ta aro ce?"

"To zauna. Ku Fulani kunya ce za ta kashe ku. Gobe tana Jos."

Asta ta kwance kwanon daga zaninta. Ba ta buga ba, don kada mutanen su juyo. Ta ɗaga murfin ta kifa shi a kan busasshiyar ƙasa, daidai yadda take yi kowace safiya. Lelwa tana lasar hannun Baturiya, ba ta motsa ba. Direba ya sunkuya ya sa hannu a ƙarƙashin cikinta zai ɗaga. Asta ta sake ɗaga murfin ta kifa, wannan karon da ɗan ƙarfi.

Kunnuwan suka miƙe. Lelwa ta yi harbi da ƙafar baya, direba ya faɗi zaune, ɗankwalin ya suɓuce daga hannun matar. Ta yi tsalle ɗaya ta haye bargon da kofunan.

Asta ba ta taɓa ganinta tana gudu na gaske ba. Tsakar gida ba ta da faɗin da za a yi shi. Ƙafafun kamar ba sa taɓa ƙasa, tana tashi sama ta dira ta sake tashi, shuɗin ƙyalle na kaɗawa a bayanta. Ta nufo sabarar, ta wuce ta gefenta ko waiwaye babu, ta miƙe cikin daji. Sai can nesa, inda itatuwa suka fara haɗewa, ta tsaya. Ba wajen Asta take kallo ba.

A fadamar, Baturiya tana ta dariya tana ɗaukar hoton ƙura. Mijin ya ce wa Lawan ta ce haka ya fi, abin daji a bar shi a daji. Lawan ya ce haka ne, yana share zufa da hula. Ba su yi saurin tashi ba. Suka ƙarasa shayi, suka naɗe bargo, matar ta so a sake komawa wajen jiminu. Duk wannan lokacin Asta tana durƙushe, ba halin ta kira, ba halin ta miƙe, tana kallon ɗigon shuɗi yana ƙara shigewa tsakanin itatuwa.

Da ƙarar motar ta ɓace ta tashi. Modu ya ce zai raka ta, ta ce ya tsaya, warin man motarsa zai kore ta. Ta tafi ita kaɗai, ƙaya na kama mata zani, tana tsayawa tana kifa murfi a ƙasa, tana kiran sunan a hankali. Ta same ta a wani fili tana tsinkar 'ya'yan aduwa. Lelwa ta ɗago ta dube ta, ta dubi kwanon, ta juya ta dubi gabas. Asta ta zauna a ƙasa ta ajiye kwanon a gabanta, ba ta miƙa hannu ba. Inuwa ta fara tsawo kafin barewar ta tako, taki ɗaya ta tsaya, taki ɗaya ta tsaya. Da ta sa baki a gyaɗar, Asta ta kama bakin ɗankwalin ta naɗe shi a hannu.

Jimina ɗaya kawai aka samu aka mayar Dogo Nini.

Bayan kwana biyu Muhammadu Lawan ya zo zaure da kwandon dusa da ƙullin goro, don ba a mayar da kayan aro hannu sake. Ya gaishe ta ya sake gaishe ta, bai ɗago ido ba. Asta ta karɓa ta yi godiya, ta shiga ciki ta fito da ɗankwalin a wanke a ninke.

"Ga kayan baƙuwarka, Malam."

Ya dube shi bai karɓa ba. "Goggo, in na aika mata, a ina zan ce na samo shi?"

"Ban sani ba. Ni dai ba nawa ba ne."

Ya karɓa ya cusa a aljihu, ya ce bari ya je wajen Bobbo, tun jiya yake aiko masa.

Asta ta koma tsakar gida. Layar tana wuyan Lelwa, an sake mata sabuwar igiya. Tana cin dusarta, tana zuwa in ta ji murfi. Sai dai tun daga ranar, in aka buɗe ƙofar zaure takan bar abin da take yi ta zo ta tsaya a bakin ƙyauren kara tana leƙen lungu. Asta ta lura da tsayin ƙyauren, ta tuna yadda ta haye bargo da kofuna. Ranar kasuwa ta sayo kara da igiya, ta ƙara masa tsawo.