Fayil ɗin Baba Mainasara Ya Koma Ƙasa

Shafin ya buɗe a fuskar kwamfuta fari fat, sai wani ɗan akwati a tsakiya yana cewa akwai kuskure. Suwaiba ta sake buɗe shi, abin bai canza ba.

A kakar 1999 ne, a ofishin ƙungiyar manoma da makiyaya na Ƙafin Maiyaki. Kwamfutar aro ce daga wani shirin gona na Kano, kuma yau bayan azahar jami'in shirin zai zo dubawa. In bai ga aikin da aka yi da ita ba, a bayan mota zai sa ta. Lado kuwa, saurayin da aka turo ya kula da ita, duk inda ta tafi can zai bi. Wannan na biyun shi ya hana Suwaiba karyawa da safe, ko da yake ba wanda ta faɗa wa.

Aikin nasu shafi ne da burauza, manhajar duba shafuka, ke buɗewa daga faifai. Da an buɗe shi sai ya jero garuruwa da ranar da ake sa ran gama kwashe dawa a kowanne, don a saki shanu ba rigima. Su uku suka raba rubutun umarnin, kowa da fayil mai sunansa. Suwaiba, sakatariyar ƙungiyar, ta rubuta garuruwa da ranakun shuka. Lado ya rubuta lissafi. Baba Mainasara, shugaban ƙungiya kuma tsohon malamin gona, da yatsa biyu ya buga nasa, wanda ke yin sallama ya bayyana sakamako.

Suwaiba ta buɗe cikin shafin, ta bi layi-layi. Can ta ɗago.

"Lado, wa ya jera su haka? Na Baba a sama, naka a tsakiya, nawa a ƙasa?"

"Ni ne mana. Da wa zan sa a sama, ke?"

"Ai daga sama take karantawa! Na Baba ya fara, ya nemi lissafi bai iso ba, lissafi ya nemi garuruwa ba su iso ba."

"Na san haka tun jiya," in ji Lado yana sosa ƙeya. "Amma in ɗauki sunan dattijo in kai ƙarƙashin nawa? Tuwon gidansa fa nake ci, Hajiya sakatariya."

"To ka ci gaba da cin tuwon a Kano."

Ya dube ta, ta kau da kai. Kunya ta rufe ta, amma ba ta janye maganar ba. Ita kanta ba za ta iya taɓa sunan nan a ɓoye ba. Sai ta gyara mayafi ta fita.

Baba Mainasara yana zaune a gindin darbejiya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, in za a yi taro a gidanka, wa ke fara zuwa?"

"Masu shimfiɗa tabarma."

"Kai kuma fa?"

"Ni? Sai an zauna an natsu."

"To yau mun fito da kai tun ba a yi shara ba, Baba. Kwamfutar ta ga haka ta ƙi motsi."

Ta bayyana masa komai. Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙe da sandarsa ya nufi ofis.

"Kai Lado! Kai ne ka tsayar da ni a rana ba tabarma?"

"Ranka ya daɗe, girmamawa ce."

"Girmamawar da za ta kai mana kwamfuta Kano? Matsa."

Da yatsunsa biyun nan ya mayar da nasa ƙasa, ya ɗora na Suwaiba a sama. Ta danna maɓallin sake buɗewa, tana addu'a a zuci.

Sallama ta bayyana. Ƙarƙashinta ga Ɗansoshiya, ga Burumburum, kowanne da ranarsa.

Da jami'in ya iso, ya daɗe yana kallo, har ya kwafi ranar garinsu a tafin hannu. Motar ta koma Kano bayanta wayam.

Lado ya raka ta da ido, sannan ya juyo.

"Ashe kin damu in tafi?"

"Kwamfutar na damu da ita," in ji Suwaiba. Sai a lokacin ta ji yunwa.