Babur na Biyu a Rijiyar Katako

Saura kaɗan in bar wannan labarin a cikina, domin mai shi ba ta son a riƙa tayar da shi. Amma ya ƙi barina in huta, shi ya sa na zauna na rubuta.

Auta ake ce mata, don ita ce ƙarama a gidansu. A garejin babanta ta tashi, tana miƙa sifana tana wanke fulogi, har ta kai in babur ya wuce a titi takan faɗi abin da ke damunsa tun bai sha kwana ba. Da baban ya rasu aka rufe garejin, mamanta ta kai ta shagon ɗinki tana sa maɓalli. Shekara biyu tana soke yatsa da allura, sai wata rana ta bi ƙawayenta wurin shaƙatawa na bakin gari, ta ga abin da ake kira Rijiya.

Ba rijiyar ruwa ba ce. Katako ne aka jera a tsaye aka kewaye, tsayinsa ya kai bene. ’Yan kallo su hau matakala su tsaya a sama su leƙa. Mai babur ya shiga ta ƙaramar ƙofa a ƙasa, a rufe, ya yi ta zagaye, ya hau gangare, sai ga shi a jikin bango a kwance kamar ƙadangare, ba abin da ke riƙe da shi sai gudu.

Sati guda tana roƙon Mama. A ƙarshe Mama ta ce, “Wata uku na ba ki. In ba su ɗauke ki aiki ba, ki dawo kan maɓallinki, kuma kada in ƙara jin zancen babur a gidan nan.”

Mai Rijiyar tsoho ne, kowa Maigida yake ce masa. Gwiwa ta fara ƙi, kunne kuwa ya daɗe da tafiya, sai an yi masa ihu. Yayarsa ce ke sayar da tikiti a wani ɗan akurki, ana kiranta Gwaggo. Ita ta fara duban Auta sama da ƙasa.

“Wannan ’yar firit ɗin? Iskar salansa ma ta ishe ta. Ƙarti uku aka koya wa kafin ke, ’yata, duk sun gudu, ko sallama babu.”

“Me ya kore su, Gwaggo?”

“Je ki tambaye su. Ga bokiti can.”

Da bokiti ta fara. Kullum da safe ta jingina tsani ta wanke bangon da sabulu da burushi, katako bayan katako, don ɗigon baƙin mai ɗaya ya isa ya kayar da mutum. In ta gama ta bi da guduma tana ƙwanƙwasawa, ta ɗaure duk notin da ya saki. Kafin wata ya ƙare ta san bangon nan kamar tafin hannunta. Ta san sawun tayar Maigida, mai faɗi, kullum a ƙarƙashin jan layin da aka shata kusa da baki.

Ranar da ya fara ba ta babur, ya ɗaga yatsu biyu.

“Doka biyu ce. Kada ki saki totur, don rage gudu shi ke kayarwa. Kuma kada ki waiwaya. Inda ido ya je, nan babur yake zuwa. Ko me kika ji a bayanki, kada ki waiwaya.”

Ta so ta ce me za ta ji, ita kaɗai a ciki. Kunya ta hana ta ɗaga murya.

Dokar farko ce ta ba ta wuya. Tana hawa gangare lafiya, amma da ta ji bango ya miƙe, ƙasa ta koma gefenta, sai hannunta ya sassauta da kansa, ta zamo ƙasa. Gwiwarta duk ta kuje. Gwaggo tana shafa mata magani tana cewa, “Ke dai allura ta fi dacewa da ke, ita ko ta soke ki ba a ɗaukar ki a kwance.”

A wata na uku ta fara zama a bango. A nan ne ta ji shi.

Da farko ta ɗauka ƙarar babur ɗinta ce bango ke maido mata. Amma Auta ’yar gareji ce. Nata injin sumul yake, ita ta gyara shi da hannunta. Wancan kuwa yana ɗan tari, kamar fulogi ya sha mai, kuma sarƙarsa ta yi sako-sako tana cas-cas. Yana can baya, rabin zagaye tsakaninsu, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Wuyanta ya yi ta ja kamar ana kiran sunanta. Ta kafe ido a gaba har ta sauko. Da ta kashe nata, sai tsit. Rana tsaka, ƙofa a rufe, ba kowa sai ƙamshin fetur.

Kwana uku tana jin haka kafin ta iya zuwa akurkin tikiti.

“Gwaggo, da can mutum biyu ke shiga?”

Gwaggo ta ajiye littafin tikiti. Wannan karon ba ta yi tsiya ba.

“Kin ji shi ke nan.” Ta jawo mata kujera. “Ƙaninmu ne. Dogo. Tare suke hawa da Maigida, wannan a nan, wancan a can. Masu hawa biyu ba sa ganin juna, da kunne suke aiki. Ka ji ɗan’uwanka ya matso, ka ƙara wuta. Ka ji ya yi nisa, ka daidaita. Kafin su tashi ma, na gaba sai ya murɗa totur sau biyu, ya jira na baya ya amsa. To kunnen Maigida ya fara mutuwa, ya ɓoye, don kada a ce ya sauka. Ran nan suna sama bai ji Dogo ba, sai ya waiwaya. Babur ɗinsa ya karkace ya tare hanya. Dogo bai yarda ya buge yayansa ba, ya kauce sama, ya faɗo, bai ƙara tashi ba.” Ta nuna bayan akurki. “Babur ɗin Dogo na ɗakin kaya. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa shi ba.”

Auta ta je ta ɗaga tamfol. Jan babur ne, tankinsa a lotse, ƙura ta rufe shi. Tayarsa siririya ce mai zane kamar ƙashin kifi, irin da aka daina kawowa. Ta taɓa sarƙar da yatsa. Sako-sako take.

Ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba. Mama ta ce, “Saura kwana tara.” Ta ce ta sani.

Ranar gwaji Maigida ya ce zagaye goma, daf da jan layi, ba tare da ta zamo ba. In ta yi, gobe sunanta ya hau allo. In ba ta yi ba, a rabu lafiya. Da safe ta wanke bangon tas, kuma ranar ba wanda ya hau. Da la’asar ta shiga, aka rufe ƙofa. Maigida da Gwaggo suka hau sama.

Ta buga babur ya tashi. Gangare, bango, sama. Ɗaya. Biyu. Katako yana gurnani a ƙarƙashinta. A na uku tarin nan ya shigo, can baya, a wurinsa na kullum. Ta ce a ranta, zauna nan, ni ma ina nan. Huɗu. Biyar.

A na shida ta ga fuska ta uku a bakin Rijiya. Mama ce, da mayafinta na zuwa unguwa, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, bakinta a buɗe. Ba wanda ya ce za ta zo. Hannun Auta ya sassauta.

Nan take ta ji babur ya yi nauyi. Tayar baya ta fara zamewa, ƙasa tana jawo kafaɗarta. Daga wannan tsayin ba kujewa ake yi ba.

Sai wancan ya taso. Bai taɓa matsowa ba sai yau. Tarin ya zama ruri, cas-cas ɗin sarƙa ya cika mata kunne, ta ji zafin inji a ƙafarta, ta ji kamar numfashin mutum a ƙeyarta. Duk jikinta yana cewa waiwaya, waiwaya ki gani. Ta cije leɓe har ta ji jini, ta murɗe totur iya ƙarfinta, ba don jarumta ba, don ta tsere masa. Babur ya yi tsalle ya manne da bango.

Ƙarar ta ja baya a hankali, ta koma wurinta. Bakwai. Takwas. Tara. Goma.

Da aka buɗe ƙofa ta sauka daga babur, ta zauna a ƙasa. Maigida ya shigo yana ɗingishi, ya tsuguna kusa da ita da ƙyar. Ya daɗe yana kallon bango.

“Yana nan?” ya tambaya, a hankali, kamar mai tsoron amsa.

Ta gyaɗa kai.

“Ni ba na ji, ’yata. Shekara goma sha ɗaya ina hawa, ban sani ba ko yana bayana. Ya yake yi? Yana kora?”

Ta kai bakinta kusa da kunnensa. Ba ta taɓa ɗaga murya haka ba.

“Sai na rage gudu yake matsowa, Baba!”

Tsohon ya rufe fuska da tafin hannu. “Haka yake yi,” ya ce. “Tun muna yara haka yake yi mini.” Ya miƙe, ya ciro hular kwano daga ƙusa ya ajiye a gabanta. “Kin ci. Amma ba na riƙe kowa. Ukun can ma sun ci. In ban gan ki gobe ba, ba komai.”

A hanyar gida ita da Mama suka wuce shagon ɗinki. Sannan Mama ta gyara mayafi.

“Na zo ne in tafi da ke, ko kin ci ko ba ki ci ba. Na ɗauka ke kaɗai ake jefawa a ramin nan. Amma tunda akwai babba a tare da ke, na yarda.” Ta ɗan yi tsaki. “Sai dai ki gaya wa dogon nan mai jan babur ya daina matse ki haka. Saura kaɗan ya taka ki.”

Auta ta buɗe baki. Kalma ɗaya za ta faɗa, gobe ta wayi gari a kan maɓalli. Ta rufe bakin.

“To, Mama,” ta ce.

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta ɗebo ruwa, ta jingina tsani, ta hau. Ga sawunta nan daf da jan layi, ya ɗan karkace a inda ta zame. Tazarar tafin hannu a ƙarƙashinsa kuma ga wani, siriri, mai zanen ƙashin kifi, ya bi ta daidai wurin kamar an sa hannu an tare. Ta wanke nata. Ta tsaya da burushi a hannu, ruwan sabulu yana bin gwiwar hannunta, sannan ta wanke wancan ma, don bango ba a barin sa da datti.

Ta sauko ta janye tsani. Ta sa hular kwano, ta shigo da babur, ta rufe ƙofa da kanta. Ta buga ya tashi. Ta murɗa totur sau biyu, ta sassauta, ta karkata kunne tana jira.